Yadda za ka daina shan ƙwayar ƙarfin maza

Shekarata goma sha huɗu ina tsayuwa a bayan kanta a wani shagon magani a Samaru da ke Zariya, kuma na san tafiyar mai neman ƙwayar nan tun kafin ya buɗe baki. Ba ya shigowa in akwai mata a ciki. Zai tsaya a bakin ƙofa yana latsa waya har mutane su ragu, sannan ya matso ya nemi farasitamol. In miƙa masa, ya biya, ya ƙi tafiya. Can sai ya rage murya ya ce, "Yallaɓai, akwai na mazan nan? Wani abokina ne ya aiko ni."

A da dattawa ne ke yi mini wannan tambaya, masu ciwon suga da masu hawan jini, kuma da yawansu da takardar likita suke zuwa. Yanzu yara ne 'yan shekara ashirin da biyu zuwa talatin: ɗalibai, masu tuƙa keke, teloli, angwaye da abokan ango. In lokacin bukukuwa ya zo, gab da azumi ko bayan babbar sallah, sai su ninka. Mafi yawansu lafiyarsu lau.

Ni harhaɗa magunguna na karanta, ba likita ba ne ni, kuma ba na bayar da wannan ƙwaya sai da takardar likita, domin haka doka ta ce. Amma na daɗe da gane cewa hanawata ba ta hana komai. Yaro zai fita daga wajena, kafin ya kai Kwangila ya samu a hannun wanda ba zai tambaye shi ko shekarunsa ba. Shi ya sa na koma jan su gefe muna magana. Abin da nake gaya musu shi ne na rubuta a nan, domin kai da ka fara sha kake son bari, ka rasa ta inda za ka kama.

Fara da juya kwalin da ke aljihunka. Manta da hoton doki ko damisa da ke gaba, karanta ƙananan rubutun. Kusan kullum ɗaya daga cikin sunaye biyu za ka gani: sildenafil ko tadalafil. Sildenafil shi ne Viagra na kamfanin Pfizer. A Birtaniya aka fara gwada shi a matsayin maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya, sai mazan da aka yi gwajin da su suka riƙa ba da labarin wani abu daban da suka lura da shi a jikinsu. A 1998 Amurka ta amince a sayar da shi don masu raunin gaba. Tadalafil, wato Cialis, ya biyo baya a 2003. Na farkon yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100, aikinsa kamar awa huɗu. Na biyun yana iya kaiwa awa 36 a jiki. Duba lambar da ke kan naka. Kusan duk yaron da ya nuna mini nasa, 100 nake gani, alhali ko dattijo mai lalurar gaske, likita yakan fara masa da 50, wani ma da 25.

Miƙewar gaba aikin jini ne. Sha'awa tana tasowa daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi su kai saƙo, hanyoyin jini su saki su buɗe, jini ya cika wurin. Akwai wani sinadari a jiki da ake kira PDE5, shi ke kashe wannan saƙo in an gama. Abin da ƙwayar ke yi kawai shi ne ta riƙe wannan sinadarin na wasu awoyi. Duk wanda ya taɓa ganin masu noman rani a bakin kogin Galma ya san amfanin share hanyar ruwa in ta toshe. To in ruwan yana gudu yadda ya kamata fa, me sharar za ta ƙara? Haka ƙwayar take a jikin mai lafiya. Ba ta kawo sha'awa, ba ta ƙara girma, ba ta ƙara maniyyi ko haihuwa, kuma ba don masu saurin kawowa aka yi ta ba. Sannan ba ta san gaba kaɗai ba. Duk inda hanyar jini take tana taɓawa. Ciwon kan nan da kake tashi da shi, da toshewar hanci, da zafin fuska, da ƙwannafi, da yadda wani lokaci kake ganin haske ya yi shuɗi-shuɗi, duk aikinta ne.

Bayan ka san abin da kake haɗiya, sai ka tambayi kanka tambayar da nake yi wa kowa a gefen kanta: kafin ka fara sha, akwai abin da ya same ka? Kuma yanzu, in ka farka da asuba, kana tarar da kanka a miƙe a kai a kai? In amsar ita ce e, to alama ce mai ƙarfi cewa hanyoyin jininka da jijiyoyinka suna aiki. Jikin da ya iya yi kana barci zai iya yi kana farke. Abin da ya shiga tsakani tsoro ne.

A nan nake son in daɗe, domin nan ne tarkon yake.

Wani ango ya zo wajena bara, wata takwas da aurensa, magini ne daga wajen Hanwa. Daren da aka kai amarya, abokansa da suka rako shi suka ajiye ledar kaza da madara, wani kuma ya zura masa kati ɗaya a aljihun babbar riga ya ce, "Kada ka ba mu kunya." Ya sha. Washegari ya sake, don kada amarya ta ga bambanci. Daga nan bai ƙara kusantar matarsa ba sai da ita. Rannan ta ƙare masa da daddare, shaguna sun rufe, ya shiga ɗaki gabansa na faɗuwa, abu ya ƙi. Ya zo mini ido ya yi ja yana cewa, "Yallaɓai, na mutu. Ko dai an yi mini asiri ne?"

Ba asiri ba ne, kuma bai mutu ba. In mutum ya tsorata, jiki yana sakin sinadarin fargaba, wanda ke sa zuciya bugawa da sauri, yana kuma matse hanyoyin jinin da ake so su buɗe. Wanda ya shiga ɗaki yana auna kansa, yana tambayar zuciyarsa "zai tashi ko ba zai tashi ba", ya riga ya kunna wannan sinadarin. Abu ya ƙi, tsoro ya ƙaru, gobe ya sake ƙi. Sai ya koma wa ƙwaya, ta yi aiki, ya ce to ga shi, ashe dama ni mara lafiya ne. Yaron nan bai taɓa ba jikinsa dama ko sau ɗaya ya ga abin da zai iya ba. Abin da ya fi ba ni takaici ke nan: an karɓe masa yarda da kansa tun a daren farko, kuma masu ƙaunarsa ne suka karɓe.

Yadda za ka bari kuwa, ga shi. Sildenafil da tadalafil ba sa kama jiki irin kamun da sigari ko kodin ke yi. Ba za ka yi rawar ɗari ko zazzaɓi don ka daina ba. Saboda haka ba sai ka bi ta rabi-rabi ba, ka daina gaba ɗaya, yau. Na ga masu cewa za su riƙa gutsurar kwata, su ajiye sauran "saboda tsaro". Muddin tana cikin durowa, zuciyarka na wajenta. Kai ta shagon magani a zubar maka, kada ka ba aboki.

Sannan ka shirya wa daren da abu zai ƙi, domin mai yiwuwa ne ya ƙi, sau ɗaya ko sau da dama a makonnin farko. Babu namijin da hakan ba ta taɓa samu ba, ko don gajiya, ko bashi, ko ɓacin rai, sai dai ba a faɗa a majalisa. In ya faru, kada ka tashi ka fice, kada ka juya mata baya. Zauna, ku yi hira, ku kwanta.

Wannan ya kawo mu ga mataki mafi nauyi a bakin Bahaushe, wato yi wa matarka magana. Ba dole ne ka zayyana mata komai ba in ba za ka iya ba. Ya isa ka ce mata kwanan nan kana cikin damuwa, jikinka yana buƙatar hutu, kuma ba laifinta ba ne. Wannan jimla ta ƙarshe kada ka bar ta. In ka yi shiru, ita ma saƙe-saƙe za ta shiga: ko ka daina sonta, ko aure za ka ƙara. Sai ta nufi masu kayan mata ta kashe kuɗinta, kai kana shan naka a ɓoye, ita tana shan nata a ɓoye, gida ɗaya. Ku yi shawara ku ɗauki mako biyu ko uku kuna wasa da juna da hira, ba tare da kun sa wa kanku dole sai an kai ga saduwa ba. Masu kula da irin wannan matsala a asibiti haka suke sa ma'aurata su yi, domin in aka cire jarrabawa, tsoro ba ya samun wurin zama, jiki kuma yakan dawo da kansa. Maginin nan haka ya yi. Ya dawo bayan mako shida ya ce dare biyu ne suka ba shi wahala, sauran alhamdu lillahi.

Akwai kuma gyaran da za ka yi wa ma'auninka. Da yawan yaran da ke zuwa wajena ba raunin gaba ke damunsu ba, so suke su daɗe, saboda wani a wajen mai shayi ya ce shi awa guda yake yi, ko saboda abin da suke kallo a waya. Bidiyon nan yanka shi ake yi a haɗa, kuma sana'a ce, ba rayuwar aure ba. A 2005 an yi wani bincike da ma'aurata wajen 500 a ƙasashe biyar, aka auna da agogo, aka tarar matsakaicin lokaci bai kai minti shida ba. In kana cikin wannan, ba ka da ciwon komai. In kuwa kullum cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka kake kawowa kuma abin yana damunku, wannan lalura ce mai suna, tana da hanyoyin magani daban: koyon dakatawa in ka ji ka kusa sannan ka ci gaba, motsa tsokar da kake matsewa in za ka riƙe fitsari, da magungunan da likita ke rubutawa. Kallon nan kuma ka rage shi har ka bari, domin yana sa ido ya saba da abin da babu shi a ɗakin kowa.

In kana haɗawa da tiramol, to maganarka daban ce, kuma abin da na ce na dainawa lokaci guda bai shafe ka ba. Tiramol maganin ciwo ne daga dangin da ke kama jiki. Yara suna shan shi don ya jinkirta kawowa, sai ya rage musu ƙarfin miƙewa, sai su ɗora sildenafil a kai don ya gyara ɓarnar. An gudu ba a tsira ba. A asibiti miligiram 50 ko 100 ake bayarwa. Na kasuwar bayan fage, irin wanda hukumar NDLEA ke yawan kamawa, har 225 yake kaiwa. Yana jawo farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma in an daɗe ana sha yana rage sinadarin mazantaka. In ka yanke shi dare ɗaya za ka sha wahala: zufa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, ƙunci. Wannan sai da likita, a rage maka a hankali. Sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) yana wannan aiki, haka ma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Wasu in sun bar ƙwaya sai su koma wa na gargajiya, suna ganin sun tsira. Ina girmama masu maganin gargajiya na gaskiya, kakana ma yana ba da sassaƙe. Amma kwalaben nan da ake talla da lasifika a tasha da bakin kasuwa, da garin kofi da zuma da alewa "na maza", a yi hattara. Hukumar NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan kaya da aka tarar an zuba musu sildenafil ko tadalafil ba tare da an rubuta a jiki ba. In ka sha abin da aka ce maka ganye ne zalla, cikin awa guda kanka ya sara, hancinka ya toshe, fuskarka ta ɗau zafi, ka yi zargin ƙwaya ce aka daka a ciki, kuma ba ka san nawa aka zuba ba. Ko burantashi na asali, ɓawon itace ne mai ƙarfi da ke hanzarta bugun zuciya yana ɗaga hawan jini.

To idan ka bari, wata biyu ko uku suka wuce, abu bai dawo ba fa? Ko kuma tun farko miƙewar asuba ta ɗauke, raunin kuma a hankali ya riƙa zuwa? Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka in ciwon suga ko hawan jini ko kitse ya fara ɓata hanyoyin jini, sau da yawa a nan ake fara gani, shekaru kafin zuciya ta yi ƙara. Wanda ya rufe wannan alama da ƙwaya ya kashe ƙararrawar da ke tashinsa ne. Je ka auna hawan jini. In yana kaiwa 140 bisa 90 a awo daban-daban, ka ga likita. Yi gwajin suga da safe kafin ka karya. 126 zuwa sama, a ma'aunin mg/dL, abin dubawa ne. In ba ka san rukunin jininka na sikila ba, yi shi ma. Sigari da shisha da giya da wiwi duk suna cikin masu kashe gaba, haka wasu magungunan hawan jini da na damuwa, amma waɗannan kada ka daina su da kanka, gaya wa wanda ya rubuta maka ya canza. Za ka iya farawa daga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko duk asibitin da ke kusa da kai, in da buƙata su tura ka wajen likitocin mafitsara a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. In likita ya duba ka ya rubuta maka sildenafil, sha yadda ya ce ba tare da jin kunya ba. Magani ne mai kyau ga wanda aka yi shi dominsa.

Na san akwai wanda zai karanta wannan duka, daren nan kuma ya sha. Kai ma ƙanena ne, kuma ga abin da nake roƙonka ka riƙe.

Kada ka sha biyu a cikin awa 24. Abin da ke jawo wannan kuskure na san shi: mutum ya ci tsire ko balangu ya ƙoshi, ya haɗiyi ƙwayar sildenafil, maiƙo ya jinkirta shigarta jini da kamar awa guda, ya ga shiru, ya ƙara wata. Can su haɗu su taso masa tare. Kada ka haɗa da giya. In kana shan maganin ciwon zuciya na dangin nitrate, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe ko isosorbide, kada ka kusance ta ko kaɗan, domin haɗuwarsu tana faɗar da jini ƙasa warwas har a rasa rai. Masu shan wasu magungunan ƙanjamau ko na kumburin mafitsara irin na maza (prostate) su ma sai da sanin likita. In kuma kai sikila ne, ka ɗauka ba a yi wannan ƙwaya dominka ba sai in likitanka ne ya ce.

Abu uku ne in sun faru ba a jiran gari ya waye. Na farko ciwon ƙirji, ko jiri har ka ji za ka faɗi. Na biyu ganinka ko jinka ya ɗauke farat ɗaya, ko da a ido ɗaya ne ko kunne ɗaya. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana iya zama na dindindin, garin neman gira a rasa ido. Na uku gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu. Wannan na ukun shi ne wanda kunya ke kashe mutane a kansa. Jinin da ya cika wurin ya maƙale ne, ba ya samun iska, naman yana mutuwa a hankali. An taɓa kawo mini wani yaro ɗan shekara ashirin da huɗu, yayansa ya riƙo shi yana tafiya a duƙe. Tun daren shekaranjiya abin ya same shi. Ya yi wanka da ruwan sanyi, ya sha jiƙo, an yi masa tofi, bai gaya wa kowa a gida ba sai da ciwo ya fi ƙarfinsa. Na sa su a keke zuwa asibiti nan take. An ceci ransa da gabansa, amma likitoci sun gaya wa yayan cewa da wuya ƙarfinsa ya koma kamar da. Da a awa huɗun farko ya je, allura ce za a sa a zuƙe jinin, a yi masa wata ta matse hanyoyin, galibi a sallame shi. In aka wuce kwana guda, sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku.

In za ka tafi, ɗauki kwalin ko kwalbar da ka sha ka tafi da ita. Gaya wa likita gaskiya, musamman in ciwon ƙirji ne ya kai ka, domin maganin da aka saba fara bayarwa shi ne nitrate ɗin nan, kuma ba a ba wanda ya sha sildenafil sai bayan awa 24, mai tadalafil kuwa sai bayan awa 48. In ka san bakinka zai yi nauyi a gaban nas, ko mahaifinka ne ya rako ka, rubuta a 'yar takarda tun a hanya: sunan abin da ka sha, guda nawa, ƙarfe nawa, da abin da ka haɗa da shi. Kana shiga ka miƙa mata.